Yadda ake auna shimfiɗun dutse da tattara burbushin ƙumba a ƙasar Gombe

A gaɓar rafin Pindiga, da ramin haƙar dutsen siminti na Ashaka, da kwazazzaban da ke kewaye da Dutsen Gombe, akwai ƙumba, wato dabbar ruwa mai ɓawo biyu, da ta zama dutse. Wata tana warwatse a ƙasa, wata tana maƙale a jikin gaɓa. Ƙumbar teku ce, ta rayu kimanin shekaru miliyan 94 da suka wuce, lokacin da wani siririn teku ya ratso Sahara daga arewa ya haɗu da ruwan da ya shigo ta kwarin Binuwai. Tsintar ta ba wuya, yaro ma yana cika aljihu da ita. Aikin masu ilimin ƙasa shi ne sanin daga wace shimfiɗa kowace ɗaya ta fito, da yadda take kwance kafin a taɓa ta. Ƙumbar da aka kawo a leda ba tare da wannan bayani ba ado ce kawai, babu abin da za a gina a kanta. Don haka tsarin da ke ƙasa ya sa awo a gaba, tattarawa a baya.

Ka san jerin tun kana gida

Duwatsun yankin Gongola, wato reshen arewa na kwarin Binuwai, a jere suke hawa-hawa, na ƙasa ya girmi na sama. Can ƙarƙashi akwai tsohon dutse mai tauri irin wanda garin Bauchi ke zaune a kai, wanda kuma ya ɓullo a Dutsen Gombe da Kaltungo. Ba a samun burbushin halitta a cikinsa, kada ka ɓata lokacinka. A kansa rukunin Bima yake, dutsen yashi mai kauri ƙwarai da koguna suka tara, an sa masa sunan Dutsen Bima. Sai rukunin Yolde, inda yashi da laka suke musanya saboda teku ya fara shigowa. Sai rukunin Pindiga, wanda shi ne na teku sosai. Sai rukunin Gombe, yashin bakin teku da mashigar koguna, mai ɗauke da kwal ɗin da ake haƙa a Maiganga. A saman duka rukunin Keri-Keri ya kwanta, jan yashi da tsakuwa da farar laka na bayan shekaru miliyan 66, shi ya rufe yammacin Gombe har zuwa Alkaleri da Darazo a jihar Bauchi.

Mai neman ƙumba, rukunin Pindiga ne gidansa, musamman sashensa na ƙasa da ake kira Kanawa: laka mai falle-falle, baƙa ko toka-toka, da siraran shimfiɗun dutsen siminti a tsakani. A samansa akwai sassan yashi na Deba Fulani da Dumbulwa da Gulani, sai lakar Fika ta rufe. Wannan rabo ya fito ne daga aikin Zaborski da abokan aikinsa na 1997. Kafin su, Carter da Barber da Tait sun zana taswirar yankin a 1963, kuma su sun kira dutsen simintin wajen Ashaka da sunan rukunin Gongila. Idan ka ga sunayen biyu a takardu daban-daban kada ka rikice. A kudancin jihar, wajen Dadiya, duwatsun wannan zamani suna ɗauke da sunan Dukul, domin can ya faɗa reshen Yola.

Lokaci, izini da kaya

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ne lokacin aikin. Damina ta wanke gaɓa ta fito da sabon dutse, rafi ya ƙafe, ciyawa ta bushe. Da damina lakar Pindiga tana shan ruwa ta kumbura, ƙafa ba ta tsayawa, gaɓa tana iya zubowa a kan mutum. A Maris da Afrilu kuwa zafi ba ya barin a yi rubutu mai tsafta bayan hantsi.

Ka fara da gidan mai unguwa ko dagaci. Ka gaishe shi yadda ya kamata, ka ce, "Ranka ya daɗe, ɗalibai ne mu, duwatsun rafi muka zo aunawa, ba haƙar ma'adini ba," ka nuna takardar makaranta, ka roƙi ya haɗa ka da wanda ya san wurin. Wannan mutum zai nuna maka gaɓar da taswira ba ta nuna ba, kuma shi zai gaya maka gonar da ba a shiga. Ramin Ashaka na kamfani ne, sai da wasiƙa tun kafin ranar, da hular kwano, da bin umarnin ma'aikatan wurin kan lokacin fasa dutse. A gandun Yankari ba a ɗaukar komai.

Kayan aiki: gudumar masu ilimin ƙasa, cizal babba da ƙarami, tabarau na kare ido, tef na awo mai mita 30, kamfas mai auna karkata, gilashin ƙara girma mai ninki goma, littafi mai bango mai tauri, fensir, maka da ba ta gogewa, ledoji masu kauri, tsofaffin jaridu, burushin fenti, da waya mai nuna lambobin wuri. Ka sassaƙa sanda miƙaƙƙiya mai tsawon mita ɗaya da rabi, ka yi mata zane a kowane santimita goma, ka shafa fenti fari da ja bi da bi. Ita ce sandar awo.

Sai asid na gwajin dutsen siminti, wato haidirokulorik mai ƙarfin kashi 10 cikin ɗari, a ƙaramar kwalba mai ɗigo. A bar ma'aikacin ɗakin gwaji ya haɗa shi, kuma asid ake zubawa cikin ruwa, ba ruwa cikin asid ba. Kada a ɗebo ruwan batir a ce ai duk ɗaya ne. Wani asid ne dabam, yana ƙona fata da tufa, kuma a kan dutsen siminti yana yin ɓawon da ke kashe kumfar nan take, sai ka rubuta sakamakon ƙarya.

Takalmi ya rufe idon sawu. Kudancin Gombe ƙasar kububuwa ce, ba banza aka kafa asibitin saran maciji a Kaltungo ba. Dutsen da za ka juya, ka fara taɓa shi da guduma, ka jawo shi ta yadda buɗaɗɗen gefen zai kalli nesa da kai. Kunama ma ƙarƙashin falle take kwana.

Zaɓen gaɓa

Kada ka fara awo a wurin da ka fara gani. Ka taka rafin daga ƙasa zuwa sama ba tare da ka buga komai ba, kana lura da inda dutse yake a mazauninsa da inda ya zame. Laka tana yawan zamewa da shimfiɗunta a jere, har ka ɗauka daidai take. Alamar zamewa ita ce karkatar shimfiɗun wurin ta saɓa wa ta maƙwabtanta, kuma akan ga tsaga mai lanƙwasa a bayanta. Ka kuma nemi tsagar da ta gusar da shimfiɗu. Kusa da Dutsen Gombe, a rafuka irin na Doma da Pantami, shimfiɗun sun miƙe sosai saboda babbar tsagar da ta ɗago dutsen, kuma shimfiɗa ɗaya tana iya maimaituwa sau biyu a hanya. Wanda bai lura ba zai ƙirga ta biyu, kaurinsa ya ninka.

Inda shimfiɗu suka miƙe tsaye, ka tabbatar da ina ne sama. Ramukan da dabbobi suka haƙa daga saman shimfiɗa suke nutsawa ƙasa. Ƙumbar da laka ta cika rabinta, sauran rabin ya cika da farin ƙyalli, lakar tana ɓangaren ƙasa, ƙyallin yana sama. A dutsen yashi mai zane a karkace, zanen yana kwantawa a hankali a ƙasa, a sama kuma an yanke shi.

Da ka zaɓa, ka sa wa gaɓar suna gajere, misali PD1, ka rubuta lambobin wuri na farkonta da na ƙarshenta, ka zana taswirarta da hannu da kibiyar arewa.

Awon kauri

Daga shimfiɗa mafi tsufa ake farawa, a hau sama. Ka nemi fuskar shimfiɗa mai santsi, ka auna layin da take kwance a kai da kusurwar karkatarta. Ka ajiye guduma nesa, ƙarfe yana jan allurar kamfas. Ka sake wannan awo duk bayan mita goma ko duk inda ka ga sauyi.

Idan shimfiɗu a kwance suke kuma gaɓa a tsaye, tef ya wadatar. Idan sun karkata, abin da tef ya ba ka a ƙasa ba shi ne kauri ba. A fili mai lebur, ka ja tef ta fuskar da shimfiɗun suka karkata, ka ninka tsawon da sain na kusurwar, wato sin a kalkuleta. Mita 25 a ƙasa da karkata digiri 20 kauri ne na mita 8.6 kacal. Idan aka yi wannan kuskure, sai ka ga gaɓa mai mita tara an rubuta mata ashirin da biyar.

Sandar awo tana raba ka da lissafin. Ka kafa gindinta a ƙasan shimfiɗar farko, ka karkatar da ita har ta tsaya a miƙe bisa fuskar shimfiɗar, ba bisa ƙasa ba. Ka ɗora kamfas a kanta da kusurwar karkatar da ka auna, ka hango ta gefensa inda idonka ya sauka a gaba. Abokin aikinka ya sa alama a wurin. Tsakanin gindin sanda da alamar, kauri mita ɗaya da rabi ne. Ka matsa can ka sake. Inda ƙasa ko ciyawa ta rufe, ka auna kaurin wurin ka rubuta "a rufe". Kada ka cike shi da zato, ko da kana ganin laka ce.

Rubuta kowace shimfiɗa

Ka ja ginshiƙi a littafi da ma'aunin 1:50, wato santimita biyu a takarda mita ɗaya ne a gaɓa. A sashen Kanawa, inda shimfiɗar dutsen siminti takan zama santimita goma ko ashirin, ma'aunin 1:20 ya fi. Kowace shimfiɗa ta sami lamba daga ƙasa, kuma ka rubuta lambar a jikin dutsen da maka ko alli domin hoto.

Ka fasa sabon gefe kafin ka faɗi launi. Lakar da take ruwan ƙasa a waje sau da yawa baƙa ce a ciki, rana da ruwa ne suka canza ta. Ka rubuta launin ciki da na waje. Girman ƙwaya: abin da ya wuce milimita biyu tsakuwa ne, daga nan zuwa 0.063 yashi ne, ƙasa da haka ido ba ya rabewa. Sai ka ɗan goga ƙanƙane a haƙoran gaba: idan ya yi gatsa-gatsa akwai garin yashi, idan ya yi santsi laka ce zalla. Ka ɗiga asid. Kumfa mai ƙarfi nan take dutsen siminti ne. Kumfa kaɗan a dutse mai laushi laka ce mai gauraye da shi. Ka kula kada kumfar ta zama daga ɓawon ƙumba ko farin ɓawon da ruwa ya bari a fuska, shi ya sa ake ɗigawa a sabon gefe.

Ka duba iyakar ƙasa ta shimfiɗar da kyau, domin a nan labarin yake. Shin a hankali laka ta rikiɗe ta zama dutsen siminti, ko kuwa yanke take kamar an share ƙasa kafin a zuba? Akwai ramukan dabbobi da suka nutsa daga ita zuwa ta ƙasanta? Siraran fallayen jibsom, wani farin ma'adini mai laushi, masu ƙyalli da ke ratsa lakar Pindiga suna ruɗin mutane. Idan sun ratsa shimfiɗu a karkace suna bin tsaga, daga baya suka samu, ba shaida ba ce cewa tekun ya ƙafe.

Kafin ka ɗaga guduma

Nan ne ya kamata a daɗe. Yadda ƙumba take kwance bayani ne da ke gushewa da bugu ɗaya, kuma ba ya dawowa.

Ka share fuskar shimfiɗar da burushi, ka zana murabba'i mai santimita 50 kowane gefe, ka ɗauki hoto daga sama da sandar awo ko rula a ciki. Sannan ka ƙirga. Nawa ne ɓawonsu biyu ke haɗe, nawa ne suka rabu? Jijiyar da ke riƙe ɓawo biyu tana ruɓewa jim kaɗan bayan mutuwar dabbar, saboda haka ƙumba mai haɗe kuma a rufe, an binne ta da rai ko daf da mutuwa, a inda ta zauna. Idan duk sun rabu, sun daɗe a fili ko ruwa ya kwaso su.

A cikin waɗanda suka rabu, nawa ne suka kife, nawa suka yi rigingine? Ruwa mai gudu yana juya ɓawo har ya kife, domin a haka ne ba ya motsuwa. Shimfiɗar da yawancin ɓawonta ke kife ta ga igiyar ruwa mai ɗorewa. Inda suke a hargitse, wasu a tsaye, wasu cikin wasu, ƙasan shimfiɗar kuma a yanke, hadari ne ya tayar da su ya zubar a lokaci guda. Ka lura ko girmansu ɗaya ne ko akwai manya da ƙanana. Al'ummar da ta mutu a gidanta tana da yara da manya, wadda ruwa ya tace kuwa takan zo kai ɗaya. Ka duba da gilashi ko akwai ƙananan huji ko wasu halittu da suka manne a cikin ɓawon. Mannewa a ciki tana nufin ɓawon ya zauna a buɗe a ƙasan teku bayan mutuwa, laka ba ta sauka da sauri a lokacin.

Wajen ƙirga yawan dabbobi, kada ka haɗa ɓawon hagu da na dama ka ce adadi ke nan. Ka ɗauki masu haɗe, ka ƙara da wanda ya fi yawa tsakanin hagu da dama. Masu haɗe 6, hagu 20, dama 9, dabbobi 26 ne. Idan hagu ya rinjayi dama da nisa haka, shi ma bayani ne: ruwa ya kwashe mara nauyin ya bar mai nauyin. Ka yi ƙoƙari ƙirgar ta kai ɗari a shimfiɗa mai yalwa kafin ka ce iri kaza ya fi yawa.

Cirewa da sa lamba

Ba a buga ƙumba kai tsaye. Ka sa cizal nesa da ita da kamar yatsu uku, bakinsa yana kallon waje, ka zagaye ta da rami, sannan ka shiga ta ƙasa ka ɗaga ta da dutsen da ke riƙe da ita. Gyara na gida ne. A laka, wuƙa mai kauri ta fi cizal, ana bin falle ana buɗewa. Idan dutse ya rabe biyu, ɓawo a gefe ɗaya, hotonsa, wato shatin da ya bari, a ɗaya gefen, ka ɗauki duka biyun. Sau da yawa adon waje a hoton yake fitowa fiye da a ɓawon.

Kafin ka ɗaga, ka zana kibiya a jikin dutsen mai nuna sama. Lamba ta ƙunshi gaɓa da shimfiɗa da samfur: PD1-7-3 na nufin gaɓar PD1, shimfiɗa ta bakwai, samfur na uku. Ka rubuta ta a dutsen, da a takarda da fensir a cikin ledar, da a bayan ledar, da a littafi a gefen ginshiƙi daidai tsayin da aka cire shi. Maka tana gogewa a jikin leda cikin jaka, takardar ciki ce ke ceto. Kowane samfur a naɗe shi da jarida shi kaɗai.

Abin da ka tsinta a ƙasan gaɓa, komai kyansa, ledarsa dabam, a rubuta "tsintuwa". Yana da amfani wajen koyon kamannin iri, yana kuma nuna maka abin da za ka nema a sama, amma ba ya shiga ginshiƙi. A ramin haƙa wannan ya fi tsanani, domin mota tana kwaso dutse daga wani gefe ta zubar a wani. Kuma kada ka kwashe shimfiɗa kaf. Ɗaliban Jami'ar Jihar Gombe da na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa suna komawa waɗannan wurare shekara bayan shekara, abin da aka kwashe ba ya tsirowa.

Gane iri

Da farko ka tabbatar ƙumba ce. A yawancin ƙumba, ɓawon hagu da na dama kamannin juna ne, amma kowane ɗaya shi kaɗai ya karkata gefe. Akwai wasu halittu masu ɓawo biyu, barakiyofod, da suke akasin haka: ɓawon biyu sun bambanta, amma kowanne idan ka raba shi tsakiya gefensa biyu daidai suke. Dangin oyista su ma ƙumba ne, amma sun karya ƙa'idar kamannin hagu da dama domin suna mannewa a gefe ɗaya, kuma su ne suka fi yawa a nan.

Dalilin yawansu yana da muhimmanci. Ɓawon oyista da danginta na kalsait ne, ma'adinin da ya fi yawa a dutsen siminti, yana jure zamani. Yawancin ƙumbar da ke binne kanta a laka ɓawonta na wani ma'adini ne mai suna aragonait, wanda ke narkewa. Abin da ya rage daga gare su shi ne lakar da ta cika cikinsu ta daskare, dunƙule mai santsi da siffar cikin ƙumba ba tare da ɓawo ba. Wanda ya tattara masu ɓawo kawai zai koma da rabin labari. Ka ɗauki dunƙulen nan ma. A jikinsu akan ga tabon tsokar da ke rufe ɓawo, da layin da ya bi gefe. Idan layin ya lanƙwasa ciki sosai a baya, dabbar mai zurfin haƙa ce. Sai dai da wuya dunƙule ya kai ka ga sunan iri, ka tsaya a sunan dangi.

Ɗaya daga cikin oyistar da za ka haɗu da su a dutsen simintin Kanawa ita ce Exogyra olisiponensis, wasu takardu suna rubuta Costagyra. Ɓawonta na hagu mai zurfi ne da kauri kamar ƙaramin ƙoƙo, na dama kuma lebur ne yana rufe shi, ƙoƙon kan ya murɗe gefe, bayansa da haƙarƙari masu kauri da suka taso daga kai zuwa baki. An fara bayyana ta a Fotugal a 1850, ana kuma samun ta a Arewacin Afirka da Gabas ta Tsakiya, galibi a ƙarshen zamanin Senomaniyan, zangon tarihin ƙasa da ya ƙare kimanin shekaru miliyan 94 da suka wuce. Ganinta a Gombe yana cikin shaidun cewa ruwan nan a haɗe yake da tekun arewa. Plicatula ƙarama ce, kusan lebur, da haƙarƙari masu ƙananan ƙayoyi, a mahaɗinta akwai haƙora biyu a kowane ɓawo. Pycnodonte bayanta ya fi santsi, kuma idan ka duba karyayyen gefenta da gilashi za ka ga ƙananan ramuka a cikin ɓawon. Idan ka ci karo da ɓawo mai faɗi da ninki-ninki masu zagaye, karyayyen gefensa kuma zare-zare ne a tsaye, dangin Inoceramus ne. Ka riƙe shi da kyau, domin wannan dangi yana cikin ƙumba ƙalilan da ake sanin zamani da su.

Kowane samfur a auna tsawonsa, da tsayinsa daga kai zuwa baki, da kumburinsa, da milimita. Oyista tana ɗaukar siffar abin da ta manne a kai, saboda haka biyu daga iri ɗaya suna iya bambanta ƙwarai. Kada ka raba su iri-iri saboda siffar waje kawai, ka jera ashirin a tebur ka ga ko bambancin a hankali yake tafiya. Inda ba ka tabbata ba, sunan dangi da alamar tambaya ya fi sunan iri na ƙarya daraja.

Wanki da ajiya

Samfurin dutsen siminti a jiƙa shi a ruwa, a goge da tsohon burushin haƙori, a cire sauran laka da allura a ƙarƙashin gilashi. Na laka kada ruwa ya taɓa shi, zai kumbura ya ruguje a hannunka. A bar shi ya bushe a inuwa cikin jaridarsa, a hankali, sannan a goge a bushe. Kada a wanke ɓawo da asid, abin da ke cin dutsen shi ke cin ɓawon. Wanda ya karye a manna shi da gam mai suna Paraloid B-72 da aka narkar a sinadarin asiton, domin ana iya warware shi daga baya. Idan babu, farin gam na kafinta da aka tsinka da ruwa zai yi. Samfurin da ke da ƙyalli ruwan zinariya yana ɗauke da ma'adinin fairait, wanda laima ke sa shi ya yi farin gari mai warin ƙibiritu ya farfashe. A ajiye shi a gwangwani mai murfi, nesa da bangon da ke jiƙa da damina. A ƙarshe a ɗiga farin fenti a gefen da ba shi da ado, a rubuta lambar da tawada, a shigar da ita rajista.

Karanta ginshiƙin da haɗa gaɓa biyu

Ka sake zana ginshiƙin a takarda mai tsafta, a gefensa ka ja layi a tsaye domin kowane iri, daga shimfiɗar da ya fara bayyana zuwa wadda ya ƙare. Yanzu za ka ga abin da ido bai gani a rafi ba. Shimfiɗar da iri ɗaya na oyista ya cika ta, babu kowa sai shi, tana nuna ruwa mai takura, wataƙila gishirinsa ya ragu ko yana hawa da sauka. Inda ƙumba iri-iri suka haɗu da bushiyar teku (dabba mai zagayayyen ɓawo da ƙayoyi) da amonait (masu naɗaɗɗen ɓawo), gishirin teku ne cikakke, domin bushiyar teku ba ta jure ruwan da ya tsinke. Baƙar laka mai siraran falle, babu rami babu ƙumba, ƙasan ruwan ya rasa iska. Wannan ya dace da abin da aka sani a duniya game da iyakar zamanin Senomaniyan da na Turoniyan da ya biyo shi, shekaru miliyan 93.9 da suka wuce, lokacin da iskar ƙasan tekuna da yawa ta yi ƙaranci. Amma kafin ka danganta lakarka da wannan, sai ka nuna zamaninta da hujja.

Hujjar zamani a nan amonait ne, masu naɗaɗɗen ɓawo da ɗakuna a ciki, waɗanda ke sauya kama da sauri. A sashen Kanawa dangin Vascoceras suna ƙasa, Pseudotissotia nigeriensis yana yawaita a sama da su. Barber ya bayyana amonait na wannan yanki a 1957, kuma a tsofaffin takardu za ka ga sunayen Gombeoceras da Bauchioceras da Reyment ya sa a 1954, waɗanda daga baya aka mayar da su cikin Thomasites da Pseudotissotia. Duk amonait da ka samu a mazauninsa, ko gutsure ne, ka ba shi lamba kamar ƙumba.

Wajen haɗa gaɓar Pindiga da ta wani rafi, kada ka ja layi daga shimfiɗar oyista zuwa shimfiɗar oyista don kawai sun yi kama. Oyista muhalli take bi, duk lokacin da ruwa ya yi mata daidai sai ta dawo, saboda haka gaɓa ɗaya tana iya samun irin wannan shimfiɗa uku ko huɗu. Ka fara da amonait, ka daidaita inda iri ɗaya ya fara bayyana a gaɓoɓin biyu. Sannan ka duba jerin da ke tsakani: kaurin laka, adadin shimfiɗun dutsen siminti, wadda ke da yankakken ƙasa, wadda ke da ramuka a sama. Layin da amonait da jeri suka goyi baya a ja shi cikakke. Wanda kamanni kaɗai ya ba ka a ja shi ɗigo-ɗigo, a rubuta dalilin a gefe, da lambobin samfuran da aka dogara da su da inda aka ajiye su.